Abin da Mai Garkuwa Ya Faɗa a Bakin Fadama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Maiyama, yau Litinin, tara ga Sha'aban, bayan an sallame azahar kaɗan. Ina zaure ni kaɗai, ƙafata ta dama a kumbure saboda tafiya, na kuma ɓata takarda biyu kafin wannan. Wani mai jakuna da ya kawo albasa zai koma Aliero kafin la'asar, shi zai miƙa maka ita. Kwana uku ke nan da na baro gidan da kake zaune a ciki, saura kwana huɗu kasuwar Jega ta ci.

Zuwa ga ɗana Buhari. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani. Ƙannenka suna gaishe ka. Innarka ba ta ce in gaishe ka ba, domin tun jiya magana kaɗan ta yi mini, amma na san zuciyarta na tare da wannan takarda. Ba labarin gida zan ba ka ba. Ka nemi wuri kai kaɗai ka karanta da idonka. Kada ka ba kowa ya karanta maka, ko da rubutuna ya ba ka wahala.

Na ji ka karɓi aikin sanƙira a wurin tsohon Sarkin Yaƙi, wanda duk ƙasar nan ke kira Mai Garkuwa. Na ji ranar kasuwa za ka tsaya a gefensa, shi ya yi magana kai ka ɗaga ta, don a samu mutanen da za su ɗauki kayan sojan Turawa zuwa yaƙin da suke yi can nesa. Na ji kuma in an samu mutanen, da kai za a tafi. Noman albasa na tura ka Aliero, ba wannan ba. Kuma ba daga bakinka na ji ba, daga bakinsa na ji.

Bari in bi abin daki-daki, don kada in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Ka san kwana arba'in da biyu ke nan da Malam ya ba ni iznin koyarwa a Jega, bayan shekara goma sha tara ina durƙushe gabansa tare da sa'o'in 'ya'yana. Ban taɓa gaya maka abin da ya sa namiji mai iyali ya bar sanƙiranci ya koma allo ba. Ranar da ya ɗaura mini rawani, Malam ya ba ni aikin farko. Ya ce tun da na ga yaƙin fadama da idona, in rubuta shi kafin waɗanda suka gani su ƙare. Ya sa mini sharaɗi biyu. Kada in rubuta abin da mutum biyu ba su shaida ba, kuma duk inda sanina ya ƙare, in rubuta cewa ban sani ba. Na karɓa ina murna. Ban san abin da na karɓa ba.

Kafin in ce komai a kan Mai Garkuwa, dole in ba shi haƙƙinsa, domin na bi shi shekara shida. Ban taɓa ganin ya ci abinci kafin dakaru su ci ba. Ban taɓa ganin ya mari na ƙasa da shi ba. Ya san rijiyoyin ƙasar nan da mashayunta fiye da wasu makiyayan, shi ya sa rundunarsa ba ta taɓa kwana da ƙishirwa ba. Na ga ya sauka ya ɗora wani ɗan baka da aka harba a ciki a kan dokinsa, shi ya taka da ƙafa daga hantsi har azahar. Wannan da idona na gani, kuma Tanko mahauci na unguwar Jega Firchin ya shaida. Duk wanda ya ce maka matsoraci ne, ƙarya yake yi. Duk wanda ya ce bai iya yaƙi ba, bai san yaƙi ba.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, wato magana, nan ne labarin ya karkace. Kai ka gan shi yanzu, ka ji muryarsa. Kada ka ɗauka tsufa ne ya shaƙe ta. Haka take tun yana da ƙarfinsa, siririya, ba ta wuce mutum goma. Don haka in zai yi wa runduna magana, sanƙira uku ake jerawa. Na farko a gefensa, na biyu a tsakiya, na uku can wajen dakaru masu ƙafa. Shi ya faɗa, na farko ya ɗaga, na biyu ya karɓa, na uku ya isar. Ni ne na farko. Kuma a sana'armu abin kunya ne ka mayar da maganar babba yadda ya ba ka ita. In ya ce a tafi, kai za ka ce zaki ya ce a tafi, wanda ya tsaya ba ɗan babansa ba ne. Haka aka koya mana, haka ake yaba mu a kai.

Kuskurena na farko shi ne na ƙaunaci muryata. In na ɗaga magana na ga mutum ɗari sun miƙe tsaye, sai in ji kamar ni na haife su. Na riƙa kwana ina shirya kalmomin da zan ɗora a kan nasa tun kafin ya faɗe su. Ya ɗana, na san wannan daɗin, na kuma san kai ma ka fara ɗanɗana shi tun ranar da aka ce kiran sallarka ya fi na ladan. Ka ji tsoron ranar da za ka ga mutane sun motsa saboda muryarka. A ranar ka tambayi kanka ina suka nufa, kuma wa zai biya in hanyar ba ta ɓulle ba.

Yanzu ga abin da ya faru a bakin fadama, shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, a ƙarshen damina, da hantsi. Garin da muka je wa yana da ganuwa, tsakaninmu da ita fadama ce shimfiɗe, ciyawa ta rufe ruwan. Mai Garkuwa ya riga ya aiki wani Bafillace ya dubo masa burtalin shanu da ya zagaya ta bayan gari. Runduna ta gaji da tsayuwa, ana gunaguni. Sai ya juyo gare ni ya ce, kuma wannan kalmominsa ne yadda na ji su:

"Gaya musu su dakata. Ban san zurhin lakag ga ba. A jira Bahillacen nan shi komo."

Buhari, ka sake karanta wannan layin. Shi ke nan abin da ya faɗa.

Ni kuwa sai na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Sarkin Yaƙi guda, a gaban runduna, ya ce bai sani ba? Na ga in na ɗaga wannan, gwiwar mutane za ta yi sanyi, a ce sanƙirarsa ya tozarta shi. Niyyata in ƙarfafa musu zuciya kafin su dakata ɗin. Sai na cika ƙirjina na ce:

"Sarkin Yaƙi ya ce ya san fadamar nan kamar yunwar cikinsa! Ya ce ruwanta bai kai gwiwa ba! Ya ce wanda ya riga shi taɓa ganuwa, shi ne yayansa har abada!"

Ka san waɗannan kalmomi. Kowa ya san su. Mata na faɗarsu a wajen daka, yara na wasa da su a dandali. Ni da kaina na koya maka su kana ɗan shekara biyar, kana tsaye a kan turmi kana kwaikwayo muna dariya. Duk ƙasar nan ta ɗauka maganar Mai Garkuwa ce. Tawa ce. Kuma kafin in kai ga cewa a dakata, sanƙira na biyu ya riga ya karɓe, ihu ya tashi, ba wanda ya ƙara jin muryata. Dakarun Maiyama su ne a bakin ruwa, su suka fara faɗawa. Laka ta riƙe su har ƙugu, wasu har ƙirji, maharban garin suna bisa ganuwa suna zaɓa. A lokacin ne Bafillacen ya dawo. Mai Garkuwa ya ɗauki sauran runduna ya bi burtali, kafin azahar an ci garin ta baya.

Kuskurena na biyu ke nan, kuma shi ne babba. Na ɗauki "ban sani ba" abin kunya. Shekara goma sha tara a gaban Malam, ban ji kalmar da yake yawan faɗa kamar ita ba, kuma ban ga ta rage masa komai ba. In babba ya ce bai sani ba, wannan ita ce maganar da ta fi kowace buƙatar a ɗaga ta da ƙarfi, domin a kanta mutane za su auna ransu.

Da na fara aikin da Malam ya ba ni, na tafi Jega Firchin wurin Tanko. Yana cikin waɗanda suka shiga lakar suka fito, har yau da ɗingishi yake tafiya. Na same shi a rumfarsa yana fiɗa. Da ya hango ni sai ya ce:

"A'a, Malam sabon rawani! Yau kuma littahi za a sa mu? To rubuta da kyau, ka ce Tanko kyakkyawa ne."

Na ce masa so nake ya faɗa mini abin da ya iso kunnensu a bakin ruwa. Ya ajiye wuƙa ya goge hannu.

"Mu dai munka ji an ce ruwa bai kai gwiwa ba, a tashi yanzu. Gwiwar wa? Gwiwar raƙumi? Ni taku ukku niy yi nij ji ƙasa ta ɓace." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Surukinka na gabana. Shi ya tsaya yana dubin ruwan, har wani ya ce mai, kai, Sarkin Yaƙi da bakinai ya ce ya sani. Sannan yash shiga."

Surukina da yake nufi shi ne yayan innarka, Buhari, wanda aka sa maka sunansa, wanda saboda shi ba ta iya kiran sunanka sai ta ce Magaji. Na san a fadamar ya rasu. Ban san ya tsaya ya yi shakka ba. Ban san maganata ce aka tura shi da ita ba. Na zauna a kan dutsen wasa wuƙa, Tanko yana tambayata ko rana ce ta buge ni.

Daga can na wuce Fagada wurin Ɗan Jimma, sanƙira na biyu. Ya makance yanzu, yana zaune a gindin tsamiya yana tufka igiya. Na tambaye shi ko ya tuna abin da ya ƙara. Bai yi jinkiri ba.

"Ni 'ku tashi' kaɗai niƙ ƙara, Hamidu. Magana irin wagga da mi za a ruhe ta in ba da 'ku tashi' ba? Kai kas san aikin. 'Yanzu' kuwa na ukku yaƙ ƙara ta, Allah shi jiƙan shi, da su yash shiga."

Ka ga yadda abin ya tafi. Mutum ɗaya ya ce a dakata, mutum uku suka yi aikinsu yadda aka koya musu, maganar ta isa bakin ruwa ta zama a tashi yanzu. Na yi ta bin gidaje a Maiyama da Kuberi ina neman sunayen waɗanda suka rasu a lakar. Tanko ya ce sun fi talatin, Ɗan Jimma ya ce ba su kai ba. Ni sunaye goma sha huɗu na samu waɗanda mutum biyu suka shaida. Ba zan rubuta fiye da haka ba, amma ban yarda su ke nan ba.

Kuskurena na uku shi ne shiru. Da aka dawo gida ana kiɗa ana yabon maganar, na jira Mai Garkuwa ya ce ba haka ya faɗa ba. Bai ce ba. Na ɗauka rufa mini asiri yake yi, har na riƙa yi masa addu'a a kan haka. Na bar sana'ar na koma karatu, na ɗauka wannan ya isa tuba. Na ci tuwon innarka shekara ashirin da ɗaya ban gaya mata ba. Kada ka yi irin wannan. Laifin da aka ɓoye ba ya tsufa, yana nan yadda aka bar shi, sai dai mutanen da za ka nemi gafararsu su yi ta raguwa. Uwar innarka ta rasu tana sa wa Mai Garkuwa albarka, tana cewa ɗanta ya mutu a kan maganar jarumi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Aliero, domin ba zan rufe rubutun ba sai na ji daga bakinsa. An ce mini an aike ka Jega, ban kawo komai a raina ba. Na same shi a zaurensa bayan an sauko daga masallaci, garkuwarsa tana rataye a bango, mutum biyar ko shida suna zaune. Ya gane ni tun daga ƙofa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya gyara zama, ya ɗaga hannu, ya karanto mini maganar fadama daga farko har ƙarshe, da siririyar muryar nan tasa, har da inda nake jan numfashi. Mutanen zaure suna cewa Allah shi ja zamaninka. Na jira har suka fita salla, muka rage mu biyu. Sai na ce:

"Ranka shi daɗe, ba haka kac ce ba. Cewa kay yi a dakata. Ni niƙ ƙara sauran, kuma na zo neman gahwara."

Na zaci zai yi fushi, ko ya ce tsufa ya sa ya manta. Sai ya dube ni kamar mai duban yaron da ya daɗe bai gane karatu ba.

"Na ji ka, Hamidu. Kunnena bai mutu ba ran nan, kana tsaye nan kusa da kahwaɗata. Kai kana tsammanin murya tas sa niɗ ɗauke ka? Akwai waɗanda sunka hi ka murya. Na ɗauke ka don ba ka iya barin magana yadda anka ba ka ita."

Na ce ban gane ba.

"Maharban garin duk suna bisa ganuwa ta wajen fadama. In ba a ba su abin harbi ba, za su waiwaya su gan mu cikin burtali, mu ƙare gaba ɗaya. Dole wasu su shiga ruwa. To wa zai dubi mutanenai shi ce ku shiga laka a harbe ku? Ni ban hwaɗa ba. Ka ji na hwaɗa?"

Na ce ban ji ba.

Ya ce, "To."

Shekara ashirin da ɗaya ina ɗauke da abin nan a matsayin kuskurena ni kaɗai, ina gode wa mutumin da ya rufa mini asiri, ashe in maganarsa gaskiya ce, ya san abin da zan yi tun kafin in buɗe baki. Ya faɗi gaskiya a kunnen wanda ya tabbata ba zai isar da ita ba. In an ci nasara maganar tasa ce, in an faɗi kuwa akwai sanƙirar da ya ƙara abin da ba a ce masa ba. Na tambaye shi ko ya san sunan wani daga cikin waɗanda suka shiga ruwan. Ya ce mutanen Maiyama ne dai, jarumai. Na karanta masa sunaye goma sha huɗun. Ya saurara har ƙarshe, ba zan ɓoye wannan ba, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa a kan suna na tara. Amma da na gama sai ya ce garin ai an ci shi, kuma ɗari nawa suka koma gida saboda waɗannan.

Na miƙe zan fita. Ina bakin ƙofa ya ce:

"Af, ɗanka ya hi ka. Na ji kiran sallarshi daga nan zaure, na sa anka kawo man shi. Bature na son mutane, hakimi ya ce ni za su ji. Yaron na da zahin jini kamar kai. Shi za shi tsaya man ran kasuwa."

A nan ne na yi kuskure na huɗu, wanda bai kai kwana huɗu ba. Ban ce masa komai ba. Ban jira ka ba. Na ɗauki takalmana a hannu na kama hanyar Maiyama kamar wanda aka kora, sai da na wuce gonakin albasa na tuna ban sa su ba. Namiji mai rawani, da izni a hannu, ya gudu ya bar ɗansa a gidan. Wannan takarda ita ce komawar da ban yi ba.

Jiya da safe na gaya wa innarka. Tana daka gero a tsakar gida. Na tsaya na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta jingine taɓarya a bango a hankali.

"Kai kac ce ruwa bai kai gwiwa ba?"

Na ce ni ne.

"Yaya bai iya ruwa ba. Ko rahi ba ya shiga sai an tabbatar mai."

Ta shiga ɗaki. Geron yana cikin turmi har kaji suka hau. Sai yau da hantsi ta fito ta tsaya a ƙofar zaure, ba ta dube ni ba, ta ce, "Rubuta ma Magaji. In ba ka rubuta ba, ni zan tahi da ƙahwata."

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Ba zan ce ka gudu daga gidan ba, domin ka ba babban mutum alkawari, hakimi ya sani, kuma ban san abin da za a yi maka in ka janye ba. Da so samu ne, da ka dawo gida gobe. In ba hali, to ka tsaya ranar kasuwa, amma ka tsaya a matsayin bakinsa kawai. Abin da ya faɗa, shi za ka ɗaga, kalma da kalma, ko da ya fito a bushe kamar kara. Kada ka sa masa zaki, kada ka sa masa giwa. In ya yi magana guntuwa ya tsaya yana dubanka, jira yake ka cika. Kada ka cika. Ka dube shi kai ma, ka jira. Za ka ji kunya, za ka ji kasuwa ta yi shiru, za ka ji kalmomi masu daɗi suna tururuwa a maƙogwaronka. Na san su, a nan suka taru mini. Ka haɗiye su.

Na aika wa Tanko, ya yarda. In an taru, zai ɗaga murya daga rumfarsa ya tambaya ina za a kai mutanen, wata nawa za su yi, kuma wa zai dawo da wanda ya kwanta ciwo a hanya. Ka juya ka isar wa tsohon da tambayar yadda take. Amsar da ya ba ka, ka ɗaga ta yadda take. In ya ce bai sani ba, ka ɗaga wannan da dukan muryar da Allah ya ba ka, har na bakin gulbi su ji. Wanda ya ji haka ya ce zai tafi, ya tafi da idonsa a buɗe, ba a wuyanka yake ba. Kai ma sai ka ji amsar da kunnenka kafin ka ɗaura kayanka.

Kada ka raina shi, kada ka ɗaga masa murya a gida. Ka gaishe shi yadda ake gaida manya. Mutum ne da ya ciyar da mayunwata, ya ɗauki masu rauni, ya kuma iya zaɓen wanda zai yi masa ƙarya ba tare da ya roƙa ba. Duka ukun gaskiya ne, na kasa jefar da ko ɗaya. Abin da na hana ka shi ne ka zama abin da ya zaɓe ka ka zama.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe. Allah ya tsare harshenka fiye da yadda ya tsare nawa. Allah ya jiƙan kawunka da sauran goma sha ukun, da waɗanda ban samu sunansu ba. Allah ya dawo mana da kai lafiya, da ƙafafunka, da mutuncinka. Ko kumburin ƙafata ya sace ko bai sace ba, ranar kasuwa ina rumfar Tanko. Innarka ta ce ita ma za ta zo, ta tsaya wajen masu sayar da daddawa. Ta ce tana so ta ji da kunnenta.

Mai jakuna ya leƙo sau biyu. Malam ya ce kada in rufe rubutu sai na jera abin da sanina bai kai ba, to ga shi.

Ban sani ba ko Mai Garkuwa gaskiya ya faɗa mini, ko kuwa tsoho ne da ya fi son a ce ya shirya mugun abu da a ce abu ya kuɓuce masa. Shaida ɗaya gare ni a kan wannan, shi kansa.

Ban sani ba ko da na ɗaga maganarsa yadda take, da an ci garin, ko da mu duka muka ƙare a burtali.

Ban san adadin waɗanda suka rage a lakar ba.

Ban san sunan Bafillacen da ya nuna hanya ba, kuma ba wanda na tambaya ya sani.

Ban san inda Turawa za su kai mutanen ba, ko tsawon zaman, kuma ban tabbata shi ma ya sani ba.

Ban sani ba ko innarka za ta yafe mini.

Ban san abin da za ka faɗa ranar kasuwa ba.

Allah ne masani. Mahaifinka, Hamidu.